Rana ko Taurari: Da Wanne Mai Koyon Ɗaukar Hoton Sama Zai Fara a Karkarar Jigawa?

Wani abokin aikina, malamin lissafi a makarantar da nake koyarwa a wani ƙauye da ke arewa da Gumel, ya sayar da riɗinsa bayan kakar bara, ya ware wani abu daga cikin kuɗin, sannan ya same ni a gindin darbejiya ya ce, "Malam, na daɗe ina ganin hotunan da kake ɗauka. To ni da wanne zan fara, da rana ko da taurari?" Na ba shi amsa a gajarce a ranar, amma tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, domin abin da mutum ya fara saya shi ne yakan yanke ko sha'awar za ta ɗore ko kuwa kayan za su ƙare a ƙarƙashin gado cikin ƙura. Ra'ayina shi ne, ga mazaunin karkarar Kano ko Jigawa wanda kuɗinsa ƙidayayyu ne, rana ce ƙofar shiga, kuma ranar ma ta hanyar matacin farin haske mai araha, wato abin da ake sawa a bakin madubin hangen nesa don ya rage hasken rana. Akwai mutanen da wannan shawara ba ta dace da su ba, kuma zan zo kansu, amma sai an fara fahimtar abin da ya raba ayyukan biyu.

Mai ɗaukar hoton rana yana fama da yawan haske ne, mai ɗaukar hoton taurari kuwa yana fama da ƙarancinsa, kuma duk wani bambanci na kuɗi da kayan aiki daga nan ya samo asali. Rana tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150, amma haskenta ya yi yawan da sai an rage shi sau 100,000 kafin ido ya iya kallonta ta madubin hangen nesa. Saboda haka kyamara takan buɗe ne na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma juyawar duniya ba ta samun damar ɓata hoton. Gajimaren gas da ke cikin tarin taurarin Oriyon kuwa, wanda haskensa ya yi tafiyar fiye da shekara 1,300 kafin ya iso mana, yana buƙatar a bar kyamara a buɗe na daƙiƙoƙi ko mintoci, a maimaita sau da yawa, alhali sama tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a. Wanda yake son hoton irin wannan abu da dogon madubi, dole ya mallaki mazaunin da ke bin juyawar sama daidai wa daida, kuma a aikin dare wannan mazaunin ya fi madubin da kyamarar muhimmanci, sau da yawa ma ya fi su tsada.

Kafin a yi maganar kuɗi, wajibi ne a yi maganar ido, domin kuskuren dare asarar barci ce kawai, kuskuren rana kuwa makanta ce. Tantanin da ke can bayan ido ba ya jin zafi, don haka mutum ba ya sanin yana ƙonewa sai aikin gama ya gama. Mataci dole ne ya zauna a bakin madubin, wato ɓangaren da ke fuskantar rana, yadda hasken zai ragu kafin ya shiga ciki a tattara shi. Tabarau baƙi, gilashin da aka shafa wa hayaƙin fitila, takardar hoton ƙashi ta asibiti, faifan sidi, duk ba mataci ba ne, ko da kuwa ido ya ji daɗin kallo ta cikinsu, saboda suna barin hasken da ido ba ya gani ya wuce. Gilashin masu walda ma wanda aka amince da shi shi ne mai duhu ƙwarai, kamar lamba 14, kuma don ido tsura ne kaɗai, yawancin waɗanda ake gani a rumfunan walda kuwa ba su kai nan ba, ko ma babu lamba a jikinsu. Tabarau na kallon husufi mai ɗauke da shaidar ISO 12312-2 yana da kyau ga ido tsura, amma ba a sanya shi a leƙa madubin hangen nesa da ba shi da mataci, domin tattararren hasken zai huda shi nan take. Madubina na farko, wanda na saya na hannu, ya zo da wani ɗan baƙin gilashi da ake murɗawa a maleƙi, wai don kallon rana. Allah ya sa na gwada shi da farar takarda a bayansa ba da idona ba, kuma bai daɗe a cikin zafin ba ya tsage. Duk wanda ya samu irinsa a cikin kwali, ya jefar da shi a masai kafin yaro ya tsince shi.

Hanya mafi sauƙi ta ɗaukar rana ita ce ledar tace haske, wadda aka fi sani da samfurin Baader AstroSolar. Ana sayar da ita falle-falle, girman takardar A4, mara nauyi, ta yadda kuɗin aikowa ba ya karya mutum. Mai lambar duhu 5.0 ita ce ta ido da kyamara duka. Akwai mai lamba 3.8 da aka yi don kyamara kaɗai, kuma ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya shigo da ita gidan da ke da yara ba. Mutum yakan yanka kwali ya yi mata murfi daidai bakin madubinsa, ya manna ta ba tare da ya ja ta ta yi tauri ba, domin 'yar yamutsewa ba ta ɓata hoto amma ja yana ɓatawa. Kafin kowane amfani sai a ɗaga ta sama a duba ko ta huje, a ɗaure murfin da salatif don kada iska ko hannun yaro ya cire shi, sannan a rufe ko a cire ƙaramin madubin saiti da ke gefe. Ba a neman rana da ido. Ana kallon inuwar madubin a ƙasa ne, ana juya shi har inuwar ta ƙanƙance ta zama da'ira, a nan rana ta shigo.

Abin da wannan matacin yake nunawa shi ne fuskar rana, wadda zafinta ya kai kimanin digiri 5,500 a ma'aunin Selshiyos, da baƙaƙen tabon da ke kanta. Tabon ba baƙi ba ne a zahiri. Wuri ne da ƙarfin maganaɗisu ya tare zafin da ke tasowa daga ciki, sai ya huce da kusan digiri 2,000 idan aka kwatanta da kewayensa, ya zama kamar duhu a tsakiyar haske. Faɗin rana ya ninka na duniya sau 109, don haka ɗigon da mai koyo zai gani kamar ƙwayar gero a hotonsa yana iya haɗiye duniya gaba ɗaya. Kuma tabon ba ya tsayawa wuri guda: rana tana juyawa sau ɗaya a kimanin kwana 27 yadda muke ganinta daga nan, saboda haka tabon da ya ɓullo a gefen gabas yau zai ratsa fuskarta ya ɓace a yamma cikin kusan mako biyu. Wannan shi ne abin da ya fi riƙe ni a aikin rana. Gajimaren Oriyon na bana shi ne na bara, amma ranar yau ba ita ce ta jiya ba, kuma wanda ya jera hotunan kwana goma a jere ya ga juyawar rana da idonsa, irin hujjar da Galileyo, masanin taurari ɗan Italiya, ya kafa da zane-zanensa a 1612 da 1613.

Madubin da ake buƙata ba babba ba ne. Mai gilashi a baki, wanda faɗinsa ya kai milimita 70 zuwa 90, ya wadatar, kuma akwai lissafi mai sauƙi na sanin girman da rana za ta fito: a raba nisan tattara hasken madubin da 109. Madubi mai milimita 700 zai ba da rana mai faɗin kusan milimita 6.4 a kan sensar kyamara, wato ɗan allon da ke karɓar haske a cikinta, mai milimita 1,000 kuma zai ba da sama da milimita 9 kaɗan, wanda ya zauna daram a cikin sensar kyamarorin Canon da Nikon na hannu. Ana iya farawa da waya ma, a ɗaure ta a maleƙi da maƙali. Ko mazaunin ba ya bin sama babu laifi, domin rana tana ɗaukar kimanin minti 2 kafin ta gusa da faɗin kanta, kuma wannan ya isa a ɗauki gajeren bidiyo. Bidiyon shi ne sirrin aikin. Iska mai zafi tana sa hoto rawa, irin kawalwalniyar da ake gani a kan kwalta da tsakar rana, amma a cikin ɗaruruwan hotunan da ke cikin bidiyo akwai waɗanda suka faɗo a daidai lokacin da iskar ta natsu. Manhajar AutoStakkert tana zaɓo su ta ɗora su kan juna, RegiStax ko ImPPG kuma su fito da kaifinsu, kuma dukkansu kyauta ne. Lokacin da ya fi kyau a wurinmu shi ne hantsi, kafin ƙasa ta ɗauki zafi, kuma a guji hango rana ta saman rufin kwano. Fili mai ciyawa ko bakin fadama ya fi tsakar gida mai siminti nesa ba kusa ba.

Akwai wata hanyar farin haske da ake kira firizam ɗin Hashel, wanda ake sawa a bayan madubi ya karkato ƙasa da kashi 5 cikin 100 na hasken zuwa ido ya zubar da sauran. Hotonsa ya ɗan fi na leda kaifi, amma yana aiki ne da madubi mai gilashi a baki kaɗai, yana barin cikakken zafin rana ya shiga cikin bututun, kuma ƙananan madubai masu araha cike suke da roba a ciki. Ban ba mai koyo shawarar ya fara da shi ba.

Na'urar haidirojin-alfa kuwa wata duniya ce daban, kuma ita ce take sa mutane su ɗauki bashi. Hotunan nan da ake gani na rana jawur, da harsunan wuta suna tashi daga gefenta da zare-zare masu duhu kwance a fuskarta, da irin wannan na'ura ake ɗaukar su. Tana toshe duk hasken rana sai siririn jan launi guda da iskar haidirojin ke fitarwa, mai tsawon zango nanomita 656.28 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma ƙofar da take bari ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na nanomita ba. Da haka ake ganin siririn rufin gas da ke saman fuskar rana, inda abubuwa ke sauyawa cikin sa'o'i, wani lokaci ma cikin mintoci. Ƙananan samfura irin su Coronado PST mai baki milimita 40 da na kamfanin Lunt su ne mafi sauƙin kuɗi, amma duk da haka ana maganar ɗaruruwan daloli ne, ga kuɗin jirgi da na kwastan da canjin dala, sannan don samun hoto mai kyau ana son kyamara mai ɗaukar fari da baƙi, domin a kyamara mai launi ɗigo ɗaya ne kawai cikin huɗu yake karɓar jan haske. Ita kuma irin wannan kyamara sai da kwamfuta. Zuciyar na'urar faranti biyu ne na gilashi da aka daidaita tazararsu da tsananin ƙwarewa, ba ta son faɗuwa, ba ta son danshi, kuma idan ta lalace babu mai gyaranta a Dutse ko Kano. Ba ta kuma yin wani aiki sai kallon rana. Sai a yi hattara da wani tarko: akwai matatan da ake sayarwa da sunan haidirojin-alfa don hoton gajimaren gas da dare, masu araha, waɗanda ƙofarsu ta ninka ta rana faɗi sau da yawa kuma ba su da kariyar zafi. Ba su nuna harsunan wuta, kuma kallon rana da su makanta ne.

Gaskiya ta sa in faɗi inda haidirojin-alfa ya fi farin haske ta fuskar lokaci. Yawan tabon rana yana hawa da sauka a kimanin shekara 11, abin da Bajamushe Heinrich Schwabe ya bayyana a 1843 bayan shekaru yana lura. Zagayen da muke ciki, na 25, ya fara ne a Disamban 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar da cewa ya kai ganiyarsa. A watan Mayun shekarar ne wani ƙaton rukunin tabo ya haddasa guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi cikin kusan shekara 20. Daga ganiya kuwa sai gangara. A 2019 an yi fiye da kwana 270 fuskar rana wayam babu tabo ko ɗaya, kuma irin wannan lokaci zai sake zuwa wajen 2030. A irin waɗannan shekaru mai matacin leda zai riƙa samun farin faifai kawai, alhali mai haidirojin-alfa ba ya rasa ɗan harshen wuta a gefe. Abin da na fahimta daga wannan shi ne a fara da leda yanzu tun da sauran tabo, a koyi saiti da bidiyo da tace hoto, idan sha'awar ta tabbata bayan shekara biyu ko uku sai a yi tanadin na'urar mai tsada da sanin abin da ake yi.

Idan aka juya ga dare, ba zan rage wa garuruwanmu darajarsu ba, domin muna da abin da masu kayan miliyoyi a biranen Turai suke tafiyar sa'o'i suna nema, wato duhu. Rashin wutar lantarki da ke damun mu da rana shi ne ya bar mana sama cike da taurari, kuma da mutum ya yi nisa da jan hasken birnin Kano zai ga farin zirin nan da ke ratsa sama, wanda Turawa ke kira Milki Wei, ba tare da wata na'ura ba. Matsayinmu a doron ƙasa ma alheri ne. Muna kimanin digiri 12 arewa da layin ikwaita, don haka tsakiyar wannan zirin, inda ya fi kauri, yana hawa kusan digiri 49 sama da ƙasa, alhali a Landan bai kai digiri 10 ba. Dunƙulen taurarin Omega Sentauri yana hawa kimanin digiri 30 a kudu, taurarin Gicciyen Kudu kuma suna kaiwa wajen digiri 18 a daren Afrilu da Mayu, abubuwan da mutumin Ingila ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Kaza da 'Ya'yanta kuwa kusan ta tsakiyar kanmu take bi a lokacin hunturu.

Matakin farko na aikin dare ba shi da tsada idan mutum ya riga ya mallaki kyamara. Ana ɗora ta a kan mazauni mai ƙafa uku, a sa gilashi mai faɗin gani, a buɗe shi iyakarsa, a kai ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kyamara, 1600 ko 3200. Akwai ƙa'idar da ake kira ta 500: a raba 500 da tsawon gilashin don sanin daƙiƙoƙin da za a iya buɗewa kafin taurari su fara jan wutsiya. Gilashin milimita 18 a kan kyamara mai ƙaramar sensa daidai yake da kimanin 27, wato daƙiƙa 18, ko da yake a aikace na fi samun taurari zagayayyu a daƙiƙa 10 zuwa 13. A ɗauki hoto 50 ko 100, a haɗa su da manhajar Sequator ko Siril ko DeepSkyStacker, sai tsaki-tsakin da ke cikin hoton ya ragu, zirin taurarin ya fito a bayan kuka ko rumbu. Wayoyi da dama ma yanzu suna barin mutum ya saita buɗewa da hannu. To ga mutumin da shawarata ta farko ba ta hau kansa ba: wanda yake da kyamara da ƙafa uku a hannu, kamar masu ɗaukar hoton biki, ya fara da dare yau ɗin nan, domin babu abin da zai saya.

Matsalar tana tasowa ne a mataki na biyu, lokacin da mutum ya so ya matso da galaksin Andiromeda, wato wani ƙaton taron taurari mai nisa, ko gajimaren Oriyon su cika hoto. Nan ake buƙatar mabiyin taurari, irin Sky-Watcher Star Adventurer, wanda dole a saita sandarsa ta dubi tsakiyar juyawar sama, kusa da tauraruwar arewa. A Turai wannan tauraruwa tana can sama sosai, amma a wurinmu tsayinta daidai yake da matsayinmu, wato digiri 12 kacal, ɗan abin da ya ɗara faɗin dunƙulen hannu idan an miƙe shi. Bishiya ɗaya ko katangar maƙwabci ta isa ta rufe ta, kuma a lokacin hazo ɓacewa take yi gaba ɗaya, domin a ƙasa-ƙasan sama ƙurar ta fi kauri. Wasu mazaunan ma ba a yi su don su kwanta ƙasa haka ba, har nauyin da ke daidaita su yakan bugi ƙafa. Akwai dabarun saiti ba tare da ganin tauraruwar ba, amma suna cin lokaci, kuma ba da su ya kamata mai koyo ya fara ba. Masu sayarwa a intanet ba sa faɗar wannan, domin ba don mu suka rubuta bayaninsu ba.

Sai kuma yanayin shekara, wanda a ganina shi ne alƙalin da ya raba gardamar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, har cikin Maris, babu girgije kuma dare yana da sanyi, abin da sensar kyamara ke so, tun da tsaki-tsakin da zafi ke haifarwa yana ninkawa duk lokacin da zafin ya ƙaru da kimanin digiri 6. Amma a daidai lokacin ne iskar hunturu take kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa hazo da kan shafe ƙananan taurari kwana da kwanaki. Bazara tana zuwa da zafin da ke haura digiri 40 da rana, dare kuma ba ya hucewa sosai. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da tsakiyar Milki Wei ya fi kyau da farkon dare, damina ce, kuma ko da yake babu sama mai tsabta kamar ta daren da ruwa ya wanke ta, ba a iya dogara da samunta. Lokacin da ya fi tabbas shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A kan wannan kuma sai a ƙara farin wata, wanda ke rage daren duhu zuwa kimanin kwana goma a wata, daga wajen 25 ga watan Musulunci zuwa 5 ga mai kamawa. Idan aka tace duk wannan, darare masu kyau a shekara ba su da yawa.

Rana ba ta da wannan takura. Farin wata bai shafe ta ba, hazo matsakaici ba ya hana tabonta fitowa a matacin leda, ko da yake yana dusashe harsunan wuta ga mai haidirojin-alfa, kuma ko a tsakiyar Agusta ana samun rata tsakanin gizagizai da ta isa bidiyon minti ɗaya. Tana kuma hawa sama sosai duk shekara, har ma tana bi ta tsakiyar kanmu sau biyu, wajen 21 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta. Mai koyon da yake samun damar gwaji kusan kullum zai ƙware cikin wata biyu, wanda kuwa yake jiran dare mai kyau zai manta abin da ya koya kafin wani daren ya zo. Gargaɗi ɗaya game da hazo: ranar da rana ta koma kamar farin faranti har ana iya dubanta ba tare da ido ya yi ruwa ba, ranar ce aka fi samun masu ganganci. Hazo ba mataci ba ne.

Wutar lantarki da zaman jama'a ma suna karkata ga rana. Aikin hantsi minti 20 ne ko 30, batirin waya ko na kwamfuta ya ishe shi, sai dai a sa kwamfutar a cikin kwali don a iya ganin allonta. Aikin dare na sa'o'i ne, yana son batiri mai ƙarfi ko na sola, ga raɓa da ke rufe gilashi a Satumba da Oktoba, ga kunama da maciji a bakin gona, ga kuma manomi ko malamin da zai tashi da asuba. Wanda zai fita bayan gari da ƙarfe biyun dare da wani abu mai kama da bututu a kan ƙafa uku, wajibi ne ya sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tukuna, ya ma gayyace su su leƙa wata, domin a halin da ake ciki baƙon abu a duhu yana iya jawo fitina. Da rana kuwa a filin makaranta ake yi, ɗalibai maza da mata su yi layi, babba ɗaya yana riƙe da murfin mataci. Ƙura kuma maƙiyiyar kowa ce: ba a goge gilashi da gefen riga, ana hure shi ne da robar busa iska, a ajiye kayan a akwati mai murfi tare da ƙullin nan mai tsotse danshi don kada fumfuna ta ci gilashi da damina.

Akwai zaɓi na uku da ya shigo kwanan nan wanda ya cancanci a duba shi da adalci, wato ƙananan madubai masu sarrafa kansu, irin ZWO Seestar S50 da ya fito a 2023 a kan kimanin dala 500. Bakinsa milimita 50 ne, yana da batirinsa da kyamararsa, ana sarrafa shi da waya, yana gano inda yake kallo daga tsarin taurari ba tare da neman tauraruwar arewa ba, yana haɗa hotuna da kansa, kuma yana zuwa da matacin rana. Ga matsalarmu ta saiti, wannan magani ne na gaske, kuma wanda kuɗinsa suka kai kuma dare ne muradinsa, ya fi masa sauƙi fiye da haɗa mabiyi da kyamara da gilashi ɗaya bayan ɗaya. Aibinsa shi ne babu maleƙin da za a sa ido, ranar da yake bayarwa ƙarama ce ba ta nuna ƙananan bayanai, batirinsa yana shan wuya a zafin bazara, kuma abu ne rufaffe wanda idan ɓangare ɗaya ya mutu duka ya mutu. Ƙaramin madubi mai gilashi a baki kuwa ba shi da abin mutuwa, kuma da an cire masa leda bayan magariba zai nuna ramukan wata, zoben duniyar Zuhal, da manyan watannin duniyar Mushtari huɗu. Yana kuma taimakawa wajen ɗaukar jinjirin wata, da sharaɗin a jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin a duba yamma, sanarwar tsayuwar wata kuwa ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce da kwamitinsa.

Abokin nawa ya sayi madubi mai baki milimita 80 da fallen leda ɗaya da maƙalin waya, sauran kuɗin ya mayar da su taki. Fallen ya ishe shi murfin madubin, ragowar kuma ya adana ta a cikin littafi saboda ranar 2 ga Agustan 2027, lokacin da inuwar wata za ta ratsa Maroko da Libiya da Masar har Makka, mu kuma a nan mu ga wata ya ci wani sashe na rana. Manya a cikinmu suna tuna husufin 29 ga Maris na 2006, wanda duhunsa ya bi ta Gusau da Katsina ya shiga Nijar, da yadda yara suka yi ta leƙen rana ta ledar biskit da ruwan kwano. Na 2027 zai faɗo a tsakiyar damina, don haka wanda ya riga ya saba kama rana a ratar gizagizai cikin 'yan daƙiƙoƙi shi ne zai samu hoton. Na gaba da zai rufe rana gaba ɗaya a cikin Najeriya shi ne na 20 ga Maris na 2034, wanda hanyarsa za ta bi ta Legas, kuma har a wannan ranar ma, murfin leda ba ya barin bakin madubi sai a 'yan mintocin da wata ya rufe rana ruf.